Ɗaukar Hoto, Ɗaukar Nauyi: Tsokaci Kan Tsohuwar Kyamara da Magajiyarta

Gabatarwa

Ranar 1 ga Janairun 2024, muna tsaye cikin cincirindon jama'a a Kagoro, wurin bikin Afan da mutanen garin kan yi kowace shekara a gindin dutsensu, sai tsohuwar kyamararmu ta ce ga garinku nan. Maharba sun taso a jere, ƙaho na tashi, ƙura ta turnuƙe. Muka danna maɓalli domin idonta ya fito kamar yadda ya saba, sai ya fito rabi ya tsaya cak. Muka kashe muka kunna, muka cire batir muka hure shi muka mayar, amma shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Haka muka rataye ta a wuya, muka ƙarasa kallon biki da idon da aka haife mu da shi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo zancen lalacewar kyamara cikin mujallar adabi? Amsar ita ce, neman magajiyarta da zaman koyon aiki da ita sun tayar mana da wata tambaya wadda ta fi ƙarfin mai gyara da mai sayarwa. Tambayar kuwa ita ce: idan na'ura ta ƙara wa mutum ikon gani, wane haƙƙi ta ƙara ɗora masa game da waɗanda yake gani? Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan tambaya. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, raunin tsohuwar na'ura ya daɗe yana tsare mana wani ɓangare na mutuncin jama'a ba tare da mun sani ba, kuma tun da sabuwa ta kawar da wannan rauni, tilas tsaron ya dawo wuyan mai riƙe da ita.

Sabo Turken Wawa

A 2010 muka sayi tsohuwar a Kaduna, lokacin muna tattara waƙoƙin baka na mata a Kafanchan da ƙauyukan kewaye domin digiri na biyu. 'Yar ƙarama ce mai shiga aljihun riga. Ta yi mana hidimar kusan shekara goma sha huɗu, kuma ciwon da ya kashe ta ba na rana ɗaya ba ne. Batirinta ya daɗe da daina riƙe caji. Wani baƙin ɗigo ya kafa zama a kusurwar kowane hoto. Ƙurar hunturu kuwa ta yi ta shiga cikin ƙananan haƙoran da ke turo idonta waje, shekara bayan shekara, har suka cije.

Da muka kai ta wurin mai gyara, ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, ko na buɗe ta babu kayan gyaranta. Masu ita sun daina yin irinta." Gaskiya ya faɗa. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna cewa a 2010, shekarar da muka sayi tamu, kamfanonin sun fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Wayar hannu ta cinye kasuwar, musamman ta ƙanana irin tamu. Mu ma da a ce aikinmu bai wuce hoton suna da na biki ba, da waya ta ishe mu. Sai dai mai nazarin adabin baka yakan yi aiki da dare a dandali, yakan kuma tsaya nesa da makaɗi don kada ya ɓata masa wasa. Saboda haka muka shiga adashi da abokan aiki, da kwasarmu ta zo muka sayi wata babba, ta hannu, mai ido da ake cirewa a sauya.

Ba za mu ɓoye ba, mun ji wani nauyi kamar na wanda ya yi wa tsohon aboki butulci. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, shi ne kuma ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Mun kasa jefar da ita, muka sa ta a aljihun tebur, muna ba kanmu hujja da cewa duniya ta riga ta cika da juji irin wannan, domin rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai an zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62. Amma da muka natsu sai muka gane cewa roba da gilashi ba su bin mu bashin komai. Masu bin mu bashi su ne mutanen da suka tsaya a gabanta. Za mu dawo kan wannan.

Gemu Ba Ya Hana Ilimi

Sabuwar ta zo da maɓallai da ƙafafun juyi sun fi ashirin. Mako uku muka yi muna aiki da wani koren maɓalli guda, wanda idan aka murɗa zuwa kansa na'ura ke yanke duk hukunci da kanta. Wadda ta raba mu da shi wata ɗalibarmu ce 'yar Kwoi, mai ɗaukar hotunan biki a ƙarshen mako don ta biya kuɗin makaranta. Ta duba abin da muka ɗauka, ta yi shiru irin na ladabi, sannan ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan duk ita ta ɗauka, kai dai ka riƙe mata hannu ne." Daga ranar malami ya koma ɗalibi.

Abin da ta fara koya mana shi ne, kyamara ɗaki ce mai duhu wanda ke da kafa ɗaya. Asalin kalmar ma a Latin ɗaki take nufi. Duk wanda ya taɓa kwanciya da rana tsaka a rufaffen ɗaki mai huda a ƙyaure, ya ga inuwar masu wucewa a bango kai a ƙasa, ya riga ya shiga cikin kyamara. Wannan al'amari ne Ibn al-Haisam ya yi bayaninsa a Alƙahira tun ƙarni na 11, cikin littafinsa Kitabul Manazir, inda ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Bambancin kyamarar dijital kawai shi ne, a madadin bango ko fim, akwai wani ɗan allo mai miliyoyin ɗigo, kowane ɗigo yana auna hasken da ya faɗo masa ya mai da shi lamba. Ta farko da Steven Sasson ya harhaɗa a kamfanin Kodak a 1975 ɗigo 10,000 gare ta, kuma sai ta yi sakan 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Tamu ta hannu tana da ɗigo miliyan ashirin da 'yan kai.

Abubuwa uku mai hoto ke sarrafawa: faɗin kafar da haske ke shiga, da tsawon lokacin da ƙyaure ke buɗe, da kuma kaifin jin haske na allon. Babu ɗayansu da ke bayarwa kyauta. Idan ka faɗaɗa kafa, fuskar da ke gabanka za ta fito tas, amma duk abin da ke bayanta ya zama hazo. Idan ka tsuke ta, na kusa da na nesa su fito tare, amma haske ya ragu. Idan ka ƙara kaifin allo domin ka ga cikin duhu, hoto ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi.

Darasin ƙyaure kuwa a Matsirga muka ɗauke shi, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, 'yar tafiya kaɗan daga Kafanchan. Ta sa muka buɗe ƙyaure na kashi ɗaya cikin dubu na sakan, sai ga ruwa ya daskare a iska, ɗigo-ɗigo kamar an watsa tsakiya. Muka kafa na'ura a kan ƙafafunta uku, muka bar shi a buɗe sakan guda cur, sai ga ruwan nan ya zama kamar saɓin auduga. Ruwa ɗaya, wuri ɗaya, sa'a ɗaya, kuma babu ɗaya cikin hotunan biyu da ya yi daidai da abin da idonmu ya gani. A nan ne muka fara shakkar yadda mukan jefa karin maganar nan, gani ya kori ji, a duk lokacin da aka nuna mana hoto. Wanda ya ga hoto bai ga abin da ya faru ba tukuna. Ya ga abin da wani ya zaɓa ya nuna masa, a cikin lokacin da ya zaɓa, daga kusurwar da ya zaɓa.

Daɗin daɗawa, koren maɓallin da muka dogara da shi ma yana da nasa zaɓin. Mun ɗauki wani dattijo da farar babbar riga a rana tsaka. Ma'aunin hasken na'ura ya ga fari ya yi yawa, ya rage haske domin riga ta fito, sai aikin wuyan riga ya fito zare-zare, fuskar mai riga kuwa ta zama inuwa. Wannan tsohuwar matsala ce. Tun daga shekarun 1950, masu wanke hoto mai launi sun daɗe suna daidaita injinansu da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, ta yadda baƙar fata takan fito a dushe. Ɗalibarmu ta nuna mana yadda ake auna haske a kan fuska, a bar riga ta yi yadda ta ga dama. Wato ko a wannan ƙaramin abu sai mutum ya yanke hukunci: riga ya zo ɗauka, ko mai riga?

Abin da Muka Tarar a Kati

Ana cikin haka muka tuna da katin ajiyar tsohuwar kyamara, muka zare shi domin mu kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta. Hotunan farko na 2010 ne: kasuwar Kafanchan da safe, masu citta, masu doya, masu manja, mahauta, da matan da suka rera mana waƙoƙin niƙa da na raino. Kowace cikinsu akwai sunanta da garinta a littafin bincikenmu, domin ƙa'idar aiki ta tilasta mana mu yi sallama, mu faɗi ko mu wane ne, mu nemi izini.

Sai muka iso Afrilun 2011. Mai karatu ya san abin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na wannan wata. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 suka rasa rayukansu a jihohi 12 na Arewa cikin kwana uku, kuma kudancin Kaduna na cikin inda abin ya fi muni. Kasuwar Kafanchan ta ƙone. Ba manufarmu ba ce a nan mu raba laifi, domin kowane ɓangare ya binne nasa. Bayan ƙura ta lafa mun shiga kasuwar da kyamara a aljihu. Akwai hotunan kwanon rufi da ya narke, da buhunan hatsi da suka zama gawayi. Sannan akwai hotuna biyu a jere. A na farko, wata mata ce mai matsakaicin shekaru zaune a kan kifaffen kwano, a tsakiyar toka, inda da alama rumfarta take a da, tana kallon ƙasa. A na biyu, ta ɗago, ta gan mu, ta ɗaga tafin hannu tana kare fuskarta. Na'ura ta rubuta lokaci a jikin kowanne: sakan huɗu ne tsakaninsu.

Ba mu yi mata sallama ba. Ba mu san sunanta ba, ba mu san yarenta ba, ba mu san ko masallaci take zuwa ko coci ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne hoto na biyu, domin shaida ne cewa mun ga hannun yana tashi, muka kuma danna. Shekara goma sha uku hoton yana kwance a kati mun manta da shi, sai mutuwar kyamara ta tono shi.

Kalmar Ɗauka

A matsayinmu na masu nazarin harshe, bari mu tsaya a kan kalmar da Bahaushe ya zaɓar wa wannan aiki. Mai zane zana yake yi, mai sassaƙa sassaƙawa yake yi, amma mai hoto ɗauka yake yi. Mu duba abokan tafiyar wannan kalma. Ana ɗaukar kaya, ana ɗaukar nauyi, ana ɗaukar alkawari, ana ɗaukar ciki, ana ɗaukar gawa, ana ɗaukar alhaki. A kowannensu akwai abin da ya tashi daga wani wuri ya koma kan mai ɗauka, kuma ba ya sauka sai an kai shi inda ya dace. A ɗaya gefen kuma, idan aka ce yaro yana da ɗauke-ɗauke, kowa ya san abin da ake nufi. Tsakanin ɗaukar kaya da ɗauke-ɗauke babu bambanci a motsin hannu. Bambancin yana ga sanin mai kaya da yardarsa, da kuma inda aka nufa da kayan.

Wannan yanki namu ya san abin da ake nufi da a ɗauke wa mutane siffarsu. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, mutanen da a yau ake kira na al'adar Nok sun gina fuskoki da yumɓu suka gasa. An fara tono irinsu a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a 1928. Wajen 1943 kuma wani kai da aka samu a ƙasar Jama'a ya isa hannun Bernard Fagg a Jos, bayan ya yi zaman mutum-mutumi a gonar doya. A shekarun 1990 masu tonon sata suka afka wa wuraren, aka kwashi ɗimbin siffofi zuwa kasuwannin Turai. Kowace siffa da aka tumɓuke ba tare da an rubuta inda take kwance da abin da ke kewaye da ita ba, ta isa can da kyawunta, amma ta bar labarinta a rami. Haka fuskar da aka ɗauka babu suna take. Mai kallo zai ce tana da ban tausayi ko ban sha'awa, amma ba zai iya yi mata gaisuwa ba.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne na Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, wanda a Maris 1993 ya ɗauki hoton wani ƙaramin yaro da yunwa ta kayar a Ayod, kudancin Sudan, ga ungulu tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga, aka ba shi lambar Pulitzer a 1994, jama'a kuma suka yi ta tambayarsa abin da ya yi wa yaron. A watan Yulin wannan shekara ya kashe kansa. Shekara goma sha takwas duniya tana kallon hoton tana zaton yarinya ce, sai a 2011 wata jarida ta Sifen ta bi sawu ta gano cewa namiji ne, kuma ya tsira daga waccan yunwa.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Adalci ne mu saurari mai ja da mu. Zai ce, idan kowane mai hoto sai ya yi sallama ya jira izini, wa zai tona asirin azzalumi? Hoton Carter ya sa mutane da yawa sun san da yunwar Sudan. Hotunan yaran Biyafara a 1968 sun girgiza duniya har agaji ya taso. Mai kisa ba ya ba da izini a ɗauke shi, kuma wanda aka zalunta sau da yawa ba ya cikin halin da za a tambaye shi. Idan babu hoto, gobe wani zai miƙe ya ce ba a yi ba.

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma mun yarda da ita. Akwai lokacin da ajiye kyamara shi ne cin amana. Sai dai hujjar tana kare mai shaida ne, ba ta kare ɗan kallo ba. Mai shaida yakan san ranar da wurin da sunan wanda abin ya shafa, yakan kai abin da ya gani gaban masu iya yin wani abu, yakan kuma tsaya a yi masa tambayoyi. Da wannan ma'auni muka auna kanmu. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sheikh Ahmed Lemu a 2011, ba mu kai masa hoton ba. Ba mu kai wa masu rabon agaji ba. Ba mu rubuta komai a kansa ba. Gaskiyar magana ita ce hannu ne ya saba, ido kuma ya ga abin da zai yi kyau a hoto. Mun ɗauki kaya ba mu kai shi ko'ina ba, mai kaya kuwa ta ce a'a da tafin hannunta.

Katangun da Suka Faɗi

Akwai wani tsohon mai hoto a Kafanchan, wanda ya yi shekaru da shago kusa da tashar jirgin ƙasa, yanzu ido ya yi rauni ya bar wa 'ya'ya. Muka kai masa sabuwar kyamara ya gani. Ya auna nauyinta a hannu, ya sa muka danna, ya kasa kunne bai ji komai ba. Ya ce, "Malam, wannan ai ɓarauniya ce, ba ta ko tari." Muka ce, "Baba, ai ci gaba ke nan." Ya ce, "A zamaninmu mutum ne ke zuwa wurin hoto. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Sallah ko ta Kirsimeti, ya zaɓi labulen da zai tsaya a gabansa, in ce a shirya, ya shirya. Fim ɗaya hoto 36 ne, kowanne da kuɗinsa, ba ka dannawa sai ka tabbata. Yanzu kuwa hoto ne ke bin mutum."

Abin da ya faɗa haka yake a duk Afirka ta Yamma. Hotunan da Seydou Keïta ya ɗauka a shagonsa na Bamako daga 1948, waɗanda a yau ake ratayewa a manyan gidajen tarihi, na mutanen da suka zo da ƙafarsu ne, suka zaɓi tufafinsu, wani ya riƙe rediyo, wani ya jingina da babur. Mutuncin da ke fuskokinsu daga nan ya samo asali: sun fito yadda suke so a gan su.

Mu lura da abubuwan da suke kare mutum daga mai hoto a da. Akwai duhu, domin na'ura ba ta gani da dare sai da walƙiyar da za ta tona ta. Akwai nisa, domin sai an matso kusa. Akwai ƙara, domin ƙyaure yakan yi motsi a ji. Akwai tsada, domin kowane danni kuɗi ne. Akwai kuma wuyar yaɗawa, domin hoto takarda ce guda a cikin ambulan. Tsohuwar kyamararmu ta riga ta rushe katangar tsada, amma ta bar sauran a tsaye rabi-rabi. Da ba don rauninta ya tilasta mana matsawa kusa ba, da matar nan ba ta gan mu ba, balle ta ɗaga hannu. Sabuwar kuwa tana gani a hasken fitilar aci-bal-bal, tana jawo fuska daga ƙarshen fili, tana neman ƙwayar idon mutum da kanta ta kafe a kai, tana ɗaukar hotuna da yawa a sakan guda babu ko motsi, kuma cikin minti ɗaya hoto ya bi ta waya ya isa inda mai shi bai taɓa zuwa ba. Da ita ce a hannunmu a 2011, da hoto na biyu bai samu ba, da kuma ba mu taɓa sanin mun yi laifi ba.

A nan gizo ke saƙar. Ba a yabon haƙurin wanda ba shi da ƙarfin ramawa, haka kuma ba a yabon kunyar wanda na'urarsa ce ta gaza. A cikin laccarsa Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, cikinsu har da amana da kunya da mutunci. Dukkansu ba a sanin mutum yana da su sai ranar da ya sami iko kuma babu mai ganinsa. Doki in ya ƙara ƙarfi, linzami ake ƙara wa ƙarfi. Littafin da ya zo da kyamara ya yi bayanin kowane maɓalli, amma babu shafin da ya faɗi lokacin da ya kamata a sauke ta.

Haƙƙin Gari

Haƙƙin bai tsaya kan mutum ɗaya ba, gari ma yana da nasa. Hoto gefe huɗu gare shi, kuma abin da aka bari a waje yakan fi wanda aka shigar yawa. Wanda bai taɓa zuwa Kafanchan ba, idan aka ambaci sunanta, 1987 yake tunawa, da 1999, da 2011, domin a waɗannan shekaru ne masu kyamara suka yi tururuwa zuwa garin. Ba su zo ranar da babu hayaƙi ba. Alhali tun 1927 garin yake mahaɗar layin dogo, inda hanyar Fatakwal zuwa Kaduna ta haɗu da ta Jos, kuma wannan ne ya tara Fantswam da Bajju da Ham da Kaninkon da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa a unguwanni da kasuwa ɗaya, suna ciniki da Hausa. Kwanakin zaman lafiya sun ninka na tashin hankali sau dubbai, amma hotunansu ba su kai ko kusa ba. Kowane hoton toka gaskiya ne, tarinsu kuwa ba tare da sauran ba ya zama ƙarya a kan garin.

Mun ga tabbacin haka da muka wanke hotunan kasuwa na 2010, muka kai wa waɗanda muka iya samu ta hanyar sunayen da ke littafinmu. Wata ta ga rumfarta ta da. Wani ya ga mahaifinsa da ya rasu yana auna doya, ya riƙe takardar da hannu biyu ya daɗe bai ce komai ba. Hotunan da muka ɗauka a ranar da babu labari su ne suka zama dukiya, kuma suna ne ya sa suka san hanyar gida.

Kammalawa

Mun fara da tambayar wane haƙƙi sabon iko ke ɗorawa. Abin da muka iya tsinta, bayan watanni muna koyon kafa da ƙyaure, tambayoyi uku ne da muke yi wa kanmu kafin mu danna. Shin mun yi sallama, wato ya san ana ɗaukarsa? Shin mun san ko wane ne, ta yadda za mu iya komawa gare shi? Shin idan muka miƙa masa hoton a hannu, za mu iya haɗa ido da shi? Inda larura ta hana biyun farko, kamar wurin zalunci, to sai mu tabbata shaida muka tsaya yi, kuma za mu kai kayan inda ya dace.

Kwanan baya mun tsaya gaban wata tsohuwa mai sayar da citta a kasuwar Kafanchan, hasken yamma ya faɗo mata yadda duk mai hoto ke so. Da mun ga dama da mun ɗauka daga nesa ba ta sani ba. Muka matsa muka gaishe ta muka roƙa. Ta ce, "A'a, ɗana, yau ban shirya ba. Ka dawo jibi in ɗaura zanen kirki." Muka ce, "To, Mama." Da muka dawo hadari ya rufe rana, hasken nan bai sake samuwa ba. Hoton da muka samu bai kai wanda muka bari kyau ba, amma yana rataye a ɗakinta.

Ita kuwa matar cikin toka, mun yi cigiyarta a wurin tsofaffin 'yan kasuwa, da baki kawai, domin ba mu ga muna da ikon nuna fuskar da ta rufe ba. Har yau ba mu dace ba. Mun kasa goge hoton, saboda wataƙila shi kaɗai ne shaidar abin da ta rasa, kuma idan akwai mai ikon cewa a goge ko a bari, ita ce. Mun mai da katin cikin tsohuwar kyamara, a aljihun tebur, muna ci gaba da cigiya.